Wanda Ba a Zana Ba

A gidan hayarmu na Sabon Layi, ɗaki na uku daga rijiya,
Malama Briskila na da wani littafi
a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin zannuwan zuwa coci.
Sau ɗaya yake fitowa a shekara,
ranar da shinkafarta ke zaga ɗakuna a langa
kamar yadda naman layyarmu ke zuwa nata ɗakin.

Mu uku a tabarma: ni, da ɗanta Habila,
da yayarsa Kande, wadda ba a yi wa wayo.
Turancin ya fi ƙarfinmu. Hotunan muke karantawa.

Wani gari ne da fari ya rufe ruf.
Na ce auduga ce, irin ta Malumfashi.
Malama ta ce sanyi ne ya daskare ya zubo.
Na ɗora yatsa a shafin. Na ji shi da ɗumi.

Wata yarinya mai jar hula
kowane daren Kirsimeti tana ajiye fitila a taga
da kofin madara, saboda wani baƙo.
Yayyenta na dariya,
mai zanen ya wage musu baki har ana ƙirga haƙora.
Da asuba sai ga sawu a kan farin nan,
ya taho daga bakin daji har ƙofar gida,
babu na komawa.

Sai shafi na goma sha tara.
Ƙofa a buɗe. Yarinyar ta ɗaga kai,
wani haske ruwan zuma ya kwanta mata a kunci,
ya taɓa bakin kofin, ya taɓa kunnen kyanwa,
amma wanda ke tsaye a ƙofar
yana can inda takarda ta ƙare.

Habila ya ce mala'ika ne.
Na ce babanta ne ya dawo daga fatauci,
don nawa a lokacin yana Agadas, wata bakwai ba aike.
Kande ta ce ba kowa, fenti ne ya ƙare wa mutumin.
Muka juya littafin, muka leƙa bayansa.
Malama tana yankan albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Ku dubi fuskarta," in ji ta.
"Haka ake kallon ba kowa?"

Yau shekara talatin da wani abu ina riƙe da buroshi
a bakin titin Ƙofar Ƙaura.
Na zana kawunan aski, na zana kifi, kaza a faranti,
zaki a bayan tifa da haƙoransa duka.
Mai shago kuɗinsa ya biya, so yake a ga komai.
Ba wanda ya taɓa ce mini: zana mai kallo,
ka bar abin da take kallo.
Na gwada sau biyu a bayan kwali.
Ruwan zumar nan, ruwan ƙwai yake fito mini.

Watan jiya Habila ya sauka daga motar Kaduna
da littafin a leda. Malama ta rasu da damina.
Ta ce a bai wa yaron nan mai taɓa hoto.
Gara ta ci dajin, ta ci biyu cikin yayyen,
ta bar ƙofar.
Kande tana nan a kan bakanta, in ji shi,
amma ita ta naɗe ledar, ta ɗaure da zare.

Jiya bayan isha'i aka ɗauke wuta.
Na buɗe wa 'yata Nusaiba da tocilan waya,
muka bi sawun tare, tana ƙirgawa a fili.
Da muka kai ƙofar sai ta yi shiru.
"Baba, wa ya zo?"
Amsa uku gare ni, duk sun tsufa a baki.
Ba ta jira ba. Ta karɓe littafin, ta juya shi,
ta leƙa baya.

Hasken ya daki bango, ya dawo mata a kunci.
Na waiwayi gwangwanayen fentina a lungu.
Babu wannan launi a cikinsu.